Iliyasu Magini da Rufin Tsohon Masallaci

A wani ƙauye kusa da Dawakin Tofa akwai tsohon masallacin ƙasa mai kaurin bango da rufin azara. Kakan Iliyasu ne ya gina shi, ubansa ya riƙa yi masa yaɓe, shi ma ya gaji sana'ar. Da mutane suka koma ginin bulo da kwano, aiki ya yi ƙaranci, sai ya kama noman gero da gyaɗa. Amma damina ba ta taɓa faɗuwa bai hau ya duba masallacin nan ba.

Wata shekara ya faɗo daga kan wani soro, ya karye a ƙugu. Ƙashi ya warke, sai dai tun daga nan ko tsani ya gani sai gabansa ya faɗi. Masallaci ya yi damina biyu ba yaɓe.

Ran nan aka wuni ana ruwa. Bayan la'asar sai ga Liman a ƙofar gidansa, ya jiƙe sharkaf.

"Malam Iliyasu, indararo ya toshe. Ruwa ya kwanta a kan rufi, ƙasa ta fara zubowa a ciki."

Iliyasu ya san abin da zai biyo baya. Ƙasa in ta sha ruwa nauyi take yi, azarar kuwa ta tsufa. Wanda bai san inda ta bi ba, in ya taka sai ya burma.

Matarsa Ramlat ta biyo shi zaure. "Malam, ka tuna da ƙugunka," in ji ta. Ya fita ya bi Liman zuwa masallacin.

Aka jingina tsani. Ya hau, bai yarda ya kalli ƙasa ba. A sama ruwa ya kai idon sawu, rufin yana lotsawa duk inda ya dafa. Ya bi gefen bango da rarrafe yana salati. Can sai wata azara ta yi ƙara a ƙarƙashinsa. Ya sandare, ya runtse ido, ya sadaƙar cewa tasa ta ƙare. Da ya ji shiru, ya matsa ya zura hannu cikin indararo, ya jawo sheƙar tsuntsu da leda da laka. Ruwa ya ɓalle ya zuba ƙasa.

Saukowa ta gagara. Ya ƙanƙame bango, ana kiransa ba ya motsi, sai da maza biyu suka hau tsani suka ɗaura masa igiya suka sauko da shi.

Bayan girbi gari ya yi gayya, aka sauya azarar da ta ruɓe, aka yi yaɓe, Iliyasu yana zaune a ƙasa yana nuna yadda za a kwaɓa ƙasar. Bai sake hawa gini ba. Har yau a masallacin yake salla, amma a sahun baya, dab da ƙofa, don ƙarar azarar nan ba ta bar kunnensa ba.