Rijiyar da Turawa Suka Auna

A gidanmu na Aboabo, a Zangon Kumasi, ba zakara ke tashe mu ba, guga ne. Tun ina yaro, abin da kunnena ke fara ji shi ne faɗawarsa cikin rijiyar tsakar gida, sai ƙarar bokitai, sai muryoyin matan unguwa. Babanmu Alhaji ne ya haƙa rijiyar da ribar cinikin goro tun ba a haife ni ba, ya ce sadaka ce, kada a hana kowa. Muna da famfo, amma famfon Zango sai ya ga dama yake zuwa, in ya zo ma tari ya fi ruwa yawa. Saboda haka rabin layinmu a rijiyar nan suke sha.

Bayan rasuwarsa, Mma, mahaifiyarmu, ta mai da bakin rijiyar wurin zamanta. Da ta idar da sallar asuba za ta ɗauko 'yar kujerarta ta zauna da carbi. Duk matar da ta cika bokiti, kafin a aza mata sai ta ce, "Allah ya ji ƙan Alhaji." Mma ta ce amin. Ba na jin akwai wata addu'a da ta taɓa wuce ta ba ta amsa ba.

Ni ne auta, kuma ni kaɗai na rage a gidan tare da ita. Ina koyar da kimiyya a wata sakandare wajen Oforikrom, ina kuma jan karatun digiri na biyu da ƙyar. Mutum ne ni mai saurin fushi, kuma babu abin da ke tayar mini da shi kamar ruwa: gota ta cika ta shigo gidaje da damina, famfo ya ƙafe da rani, kowa ya ce haka Allah ya so. Cikin wannan fushin na nemi wani gajeren kwas na bazara a Turai kan tattalin albarkatun ruwa, irin na masu babban digiri. Ban sa rai ba. Sai ga shi sun ɗauke ni.

Ranar tafiya Mma ta tura wata gora cikin akwatina, ta naɗe ta da tsohon zane.

"Mma, mene ne wannan?"

"Ruwan gida. Kowace safiya ka ɗiga kaɗan a nasu kafin ka sha. Ciki ba ya son baƙon ruwa."

"Ƙasar da za ni ruwansu ya fi na kowa tsabta."

"Auta, ni ban ce da datti ba. Na ce bai san ka ba."

Haka kakanninmu fatake suke yi, haka ake wa duk wanda zai yi nisa a gidanmu. Na bar gorar don kada mu rabu da gardama.

Abin da na gani a can bai ba ni sha'awa ba kamar yadda ya ba ni haushi, gaskiya ke nan. Ƙasa ce da ruwa ya kewaye ta ko'ina, amma sun sa masa linzami. Aka kai mu wani ɗaki inda mutum ɗaya da kofin shayi yake buɗe kogi ya rufe shi da yatsa. Aka koya mana yadda ake lissafin ruwan da ke kwance ƙarƙashin gari, da yadda ake raba kogi tsakanin manoma da birni ba a yi faɗa ba. Rana ta ƙi faɗuwa har sai na rasa lokacin magariba. A ɗakina famfon banɗaki ma ana sha. Na tsaya ina kallonsa yana zuba, na tuna matan layinmu, na ji hassada ƙarara, irin wadda malamai ke hana mu.

Gorar Mma kuwa tana kan tebur, na sha sau biyu na manta da ita. Sai ranar da aka shigar da mu ɗakin gwaji, aka ce kowa ya auna ruwan da aka ɗebo daga magudanan garin. Ni da fahariyata na ce ina da ruwan gidanmu, ruwan da bai taɓa ganin magani ba kuma ya fi nasu daɗi. 'Yan ajin suka yi dariya, malamar ta ce in kawo. Dattijuwa ce mai furfura, ba ta da yawan magana. Ta duba sakamakon, ta sake aunawa da hannunta, sannan ta ja ni gefe.

"Tsakanin rijiyar nan da masai, akwai nisa?"

Na buɗe baki zan ce akwai, sai na tsaya. Lokacin da Baba ya haƙa ta, bayan gidanmu gonar ayaba ce. Yanzu babu tazarar da akuya za ta wuce. Gida ya hau gida, kowanne da nasa ramin masai, ɗaya ma jikin katangarmu yake, ga kuma banɗakin unguwa a sama da mu, wajen da ƙasa ta gangaro.

Ta ce ruwan ya kwana biyu a gora, ba za a yanke hukunci da shi ba. Amma akwai wani sinadari da ke tsiyayowa daga masai, kuma ya yi yawa a ciki. Babba yana iya sha shekara da shekaru bai ji komai ba. Jarirai ne abin tsoro. Ta ba ni wani ɗan akwatin gwaji, ta ce in na koma in sake aunawa daga bakin rijiyar. Ta dafa kafaɗata, na ji kamar ta'aziyya take mini.

Da yayata ta kira ni daga Kumasi, na ce mata an auna ruwan gida, sauran bayani sai na dawo, domin ba maganar waya ba ce. Iyakar abin da na faɗa ke nan. Amma wanda ya san Zango ya san abin da ya biyo baya. A wurinmu duk abin da ya taɓa Turai ya sami daraja, ko tsohon firij ne, ko gwanjon takalmi. Kafin jirgina ya sauka labari ya gama Aboabo: an kai ruwan Alhaji Turai, Turawa sun auna shi da na'ura. Babu wanda ya tambayi abin da na'urar ta ce. Ai ba a ɗaukar abu a kai shi Turai sai mai kyau.

Safiyar farko da dawowata na leƙo, na ga layin bokitai ya fita ƙofar gida ya bi lungu. Fuskokin da ban sani ba, wasu har daga wajen Manhyia. Abin da ya fi damuna shi ne masu jego, da goyo a baya da sababbin jarkoki a hannu.

"Ticha, akwaaba, sannu da zuwa!" wata ta ce mini. "Ni na bar sayen piyawata, ruwan ledan nan. Yarinya na ba ya shan kowane ruwa sai wannan da Bature ya duba."

Mma tana kan kujerarta, fuskarta kamar ranar salla. Ban taɓa ganin ta da farin ciki irin wannan ba tun rasuwar Baba.

Na auna ruwan. Na sake aunawa bayan an yi ruwan sama, na sake bayan an kwana biyu ba a yi ba. Kowane karo kala ɗaya yake juyawa, wadda ba a so. Gwajin ƙwayoyin cuta ma ya nuna akwai su. Sai na shiga ɗakinta da hantsi, na zauna a ƙasa, na faɗa mata komai a hankali, ba irin maganar aji ba.

Ta saurare ni har na gama.

"Ruwan nan ka sha ka girma, har ka tafi Turai."

"Lokacin babu masai a bayanmu, Mma."

"Ka ga yana wari? Ka ga ya sake kala?"

"Ba a gani da ido. Yara ne yake cutarwa. Dubi yadda gudawa ba ta barin layin nan."

"Yara suna gudawa ko'ina, in suna haƙori." Ta ajiye carbin. "Auta, ubanka yanzu ba ya salla, ba ya azumi. Ba abin da ke kai masa lada sai gugan nan. Ka je ka yi karatu ka dawo ka yanke masa?"

Na miƙe na fita. Ba a koyar da wannan a kwas ɗin ba.

Na koma kan matan. Na tsaya bakin rijiya kamar mai wa'azi, na ce su yi wanki da shi, su yi wanka, amma kada su sha, kada su ba jarirai. Suka dube ni suka dubi juna.

"Ticha, ko ka so ka fara saidawa ne?" wata tsohuwa ta ce. "Ka faɗa mana gaskiya. Dama duk wanda ya je aburokyire, ƙasar Turawa, haka yake dawowa."

Aka kwashe da dariya. Wata mai hankali ta tambaye ni ko in an tafasa zai gyaru. Dole na gaya mata tafasawa na kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta cire sinadarin, ƙara masa ƙarfi ma take yi. Ta ce, "To, in sha me?" Ta juya ta jefa guga.

Na je wurin limamin unguwa, ya ce lada ba ya zuwa ta hanyar cutarwa, gaskiya ne, amma in bi uwata a hankali. Na shiga ofisoshi da takardar shaidar kwas ɗina mai hatimin zinariya, aka yaba ta, aka ce in dawo. Duk maganin da aka koya mini ba na mutum ɗaya ba ne: a gyara ramukan unguwa gaba ɗaya, a haƙa burtsatse mai zurfi, famfo ya riƙa zuwa. An koya mini yadda ake tafiyar da kogi, ga shi rijiya ɗaya ta gagare ni.

Sai jaririyar matar nan da ta yi mini maraba ta kwanta. Aka yi ta kai ta asibiti, ta rame har ba a son kallon ta, sannan ta rasu. Babu likitan da ya ce rijiyarmu ce, ni ma ba zan rantse ba. Amma daga makabarta ban biya gida ba, wurin mai walda na wuce. Ya zo ya sa wa rijiyar murfin ƙarfe, na ɗana kwaɗo, na jefa mabuɗin a aljihu.

Na shirya wa faɗa, Mma ba ta yi ba. Ta tsaya ta kalli murfin, ta ɗauki kujerarta da hannunta ta shiga ɗaki. A bakin ƙofa ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Yau ne ubanka ya rasu."

Gidan ya yi tsit. Da safe babu guga, babu bokiti, babu mai cewa Allah ya ji ƙan Alhaji. Mma ta rage ci. In na gaishe ta takan amsa, amma bango take kallo. A lungu mata suka riƙa wuce ni da bokitai ba sannu. Na daure, na ce a raina gara su tsane ni 'ya'yansu su rayu. Na ɗan ji kaina gwarzo ma, ba zan ɓoye ba.

Wata safiyar Asabar na ce bari in ga inda suke ɗebowa yanzu. Na bi bayansu muka gangara, muka bi ta bayan masu gyaran babura, har bakin babbar gota. Can akwai wata tsohuwar rijiya mara murfi, bakinta daidai da ƙasa, tazararta da gotar ba ta fi shimfiɗar tabarma ba. In an yi ruwa ba sai an gaya maka abin da ke shiga ciki ba. Layin da na kora daga gidanmu shi ne a can, har da masu goyo. Na roƙi wata ta zuba mini kaɗan. Na tsuguna a wurin na auna. Kalar da ta fito ta wuce duk waɗanda ke jikin takardar gwajin, masu yin ta ba su yi zaton akwai irin wannan ruwa a duniya ba.

Na daɗe a tsugune. Ban yi kuka ba, na dai ji wani abu ya mutu a cikina wanda har yau bai tashi ba. Zaɓin da ke gabana ba tsakanin ruwa mai kyau da mara kyau ba ne. Tsakanin mara kyau ne da wanda ya fi shi muni.

Na koma gida na buɗe kwaɗon da hannuna. Na ɗaga murfin na jingine shi da katanga, yana nan har yanzu yana tsatsa. Da Mma ta ji faɗawar guga, ta fito da kujerarta.

Shekaru sun wuce. Famfo yana nan yana tarinsa, an ƙara ramuka biyu a bayanmu, akwatin gwajin ya ƙare ban nemi wani ba. Har gobe ina roƙon masu jego su nemi ruwan leda don jarirai, wasu su ji, yawanci su yi murmushi. Labarin da ya zauna a unguwa shi ne Ticha ya rufe rijiya don ya yi mata gyaran Turai, shi ya sa layin ya ƙara tsawo.

Kowace safiya ina kwance ina jin gugan yana sauka yana hawa, kuma na san abin da ke cikin kowane bokiti. In na fito zan tafi makaranta, matan sukan ce, "Allah ya ji ƙan Alhaji," Mma ta amsa. Yanzu sun ƙara da tawa addu'ar. Jiya wata yarinya da sabon goyo ta cika jarkarta, ta dube ni ta ce, "Ticha, Allah ya ƙara ilimi."

Mma ta juyo tana jira ta ji bakina. Na ce amin.