Ƙwanƙwasar Ƙarfe Huɗu a Otal ɗin Culbreth

Shekara talatin da huɗu Ernestine Vigil ta yi tana gyaran ɗakuna a Otal ɗin Culbreth, amma ba ta taɓa buɗe baki ta ce akwai fatalwa a ginin ba. Ba ta kuma taɓa cewa babu ba. In baƙo ya matsa mata da tambaya, sai ta miƙa masa tawul ta wuce.

Tana da shekara goma sha tara mahaifiyarta ta kawo ta, don ita ma a nan ta yi aikin wanki har ƙarfinta ya ƙare. Wani mai haƙar azurfa, Amos Culbreth, shi ya gina otal ɗin a 1889, lokacin da kowa ke ruguwa duwatsun Colorado neman arziki. Shekara huɗu kacal farashin azurfa ya faɗi warwas, Culbreth ya hau jirgin ƙasa bai sake waiwayar garin ba. Da annobar mura ta zo a 1918, aka mai da hawa na huɗu asibiti. Mutum sittin da wani abu suka cika a can, ta ƙarshensu ita ce nas ɗin da ke jinyarsu, wadda ba wanda ya riƙe mata suna sai Brigid. Mutanen gari suna cewa har yau ba ta daina zagaye ba. Ƙarfe huɗu na yamma, lokacin rabon magani, sai a ji an ƙwanƙwasa ƙofa sau uku, a buɗe ba kowa.

Ernestine ba ta taɓa jin komai ba sai da ta haura hamsin. Ran nan tana shimfiɗa zanen gado ta ji shi sarai, sau uku. Bayan mako biyu ta sake ji. Ba Brigid ce ta hana ta sukuni ba. Mahaifiyarta ce ta faɗo mata a rai, don da haka ciwonta ya soma: tana jin ana kiranta a ɗakin wanki, daga baya ta riƙa sa takalmi a firji, a ƙarshe ta kalli Ernestine ta tambaye ta 'yar gidan wa ce. Sai Ernestine ta shiga gwada kanta a ɓoye. Kullum da safe takan jero sunayen jikokinta da ranakun haihuwarsu, in ta ɗan yi tuntuɓe a guda sai gabanta ya yini yana faɗuwa.

Dwight Purcell, mai dafa abincin otal ɗin, ya lura ta daina zuwa hawa na huɗu da yamma.

"Tina, ke da ƙawar taki kun ɓata ne? Ko ta ce shimfiɗarki ba ta yi mata ba?"

"Ka ji da miyarka, tsoho. Gishirinka ya fi kowace fatalwa korar baƙi."

A watan Fabrairu na shekararta ta ƙarshe a aikin, dusar ƙanƙara ta zaftaro daga dutse ta toshe hanyar fita gari. Baƙi biyar ne kawai suka rage. Cikinsu akwai Mista Haldane, tsohon malamin makaranta mai zuwa duk shekara, wanda ba ya yarda da kowane ɗaki sai 407 saboda tagarsa na kallon tsofaffin ramukan haƙa. A rana ta biyu bai sauko cin abincin rana ba. Aka ce wataƙila barci ya kwashe shi.

Tana hawa na uku tana ninke tawul agogon ƙasa ya buga huɗu. Sai ga ƙwanƙwasar a saman kanta, sau uku. Ta tsaya cak. Aka sake, sau uku. Ba a taɓa maimaitawa ba. Ta ajiye tawul ɗin. Ta sauka kicin wurin Dwight.

"Ka ji?"

"Me zan ji ban da wannan tukunyar?" Ya ɗago zai yi tsiyar da ya saba, da ya ga fuskarta ya ajiye ludayin. "Lafiya, Tina?"

"Don Allah ka raka ni sama. In ba komai, kada ka gaya wa 'yata."

Suka hau, Dwight na haki a bayanta. Barandar tsit, sai sanyi. Ta buga ƙofar 407 ta kira sunan tsohon, shiru. Da ta sa makulli ta tura, suka same shi kwance a ƙasa tsakanin gado da taga, bakinsa ya karkace, hannun damansa ba ya motsi, idonsa kaɗai ke binsu. Dwight ya ruga ya kira likitan gari, wanda ya taho a ƙafa cikin ƙanƙara har gwiwa. Ernestine ta zauna a ƙasa ta tallabe kan tsohon, tana ta cewa, "Ga mu nan, Malam, ga mu nan." Washegari aka buɗe hanya aka tafi da shi.

Mista Haldane ya rayu. Bayan wata biyu wasiƙarsa ta iso, rubutun hagu duk a karkace. Ya gode mata, ya gode wa Dwight. Sannan ya roƙa a isar da godiyarsa ga ɗaya matar, mai farar riga, wadda ta fara shigowa ta ce ya kwanta shiru za ta kira wani.

Ernestine ta karanta sau biyu ta miƙa wa Dwight.

"Ƙila shi ya yi ta buga ƙasa da diddige," in ji shi. "Likita ma ya ce masu irin wannan ciwon suna gane-gane."

"Na sauran ranakun fa? Shi ma diddigensa ne?"

Dwight ya ninke takardar ya mayar mata.

A bazara ta je asibitin birnin Pueblo aka duba ƙwaƙwalwarta, aka ce lafiyarta ƙalau. Ta fito ta zauna a mota kusan awa guda, ta rasa murna za ta yi ko me. Manajan otal ya so ta riƙa ba masu yawon buɗe ido labarin ranar Asabar, ta ce a nemi wani. Da kaka ta ajiye aiki ta shirya komawa wurin 'yarta.

Ana jibi za ta tashi, ta ɗauki fartanya ta haura maƙabartar bayan gari, inda aka jera mamatan 1918. Allunan katako ne, ruwa da rana sun cinye rubutun, ba ta iya karanta ko suna ɗaya ba, balle ta gane kabarin Brigid. Ta fara daga bakin layi ta yi ta nome ciyawa, kabari bayan kabari, har bayanta ya ƙage. Rabin layin ta samu ta yi. Dwight ya ce zai ƙarasa in gwiwarsa ta bar shi.