Kututturen Kirya a Gonar Inna Tsahara

Kirya in ƙarfe ya ci ta da zafi tana da wani ƙamshi nata mai ɗaci-ɗaci, kamar na maƙera kafin wuta ta kama sosai. Duk ranar da na ji shi, ko a kasuwa ne wajen masu sassaƙa turmi, sai in tsinci kaina tsaye a wata gona kusa da Korgom, da gwangwanin jan fenti a hannu. Ranar nan ba ta taɓa sakina ba. Shi ya sa duk wanda ya shigo aikin nan sabo nake zaunar da shi in ba shi labarinta kafin in miƙa masa gwangwanin.

Ga wanda bai san aikinmu ba, kawuna Sani yana da injin niƙa kututture a Tasawa. Tsohon inji ne mai faifan ƙarfe da haƙora, ana jansa a bayan mota. Manomin da ke son shigar da garmar shanu ko tarakta gonarsa, kututturai na karya masa garma, shi ke kiran mu. Abin da maza huɗu za su yi kwana biyu suna haƙa, injin kan mai da shi gari kafin shayi ya nuna. Lokacin mu uku ne: Kawu a biro, wato ofis, Malam Idi a kan inji, ni kuma mai alama. Na gama lise, wato sakandare, ban samu wucewa gaba ba a shekarar, Kawu ya ce tunda ina da karatu in zama idonsa a gona.

Mai alama ita ke shiga gona kafin inji. Wanda ta shafa wa ja, shi Malam Idi zai niƙa, ba ya tambaya. Kawu ya koya mini cewa kututturen da ke da tofo ba a taɓa shi, don yana da rai a ƙasa, manoma na renonsa ya koma icce, ma'aikatan daji ma ba sa yafe wa wanda ya kashe shi. Amma dokar da ya fi maimaitawa ita ce ta gefen gona. Duk kututturen da ke gefe, ba a sa masa ja sai maƙwabcin gonar ya ce da bakinsa ba iyaka ba ne. A wajenmu gonaki kaɗan ne ke da takarda. Iyaka icce ce, ko layin gamba, ko kututturen da kakanni suka bari da gangan.

Ina wata na huɗu da fara aiki. Ƙarshen bazara ne, gajimare na taruwa da la'asar su watse ba su ba da komai ba. Alhaji Garba, wani ɗan kasuwa da ya sayi gona a ƙauyen shekara biyu kafin nan, yana son ya cika ta da gyaɗa. Tun hantsi na bi gonar ina shafa ja, sabara da kalgo ne mafi yawa, duk sun bushe. Malam Idi na bina a baya da inji. Sai na iso ga na ƙarshe, can gefen arewa.

Kirya ce. Baƙi ƙirin, tsayinsa ya kai gwiwata, samansa ya yi santsi kamar kujerar da aka daɗe ana zama a kai.

Na ce, "Wannan fa, Alhaji? Yana gefe."

"Sa masa ja, ɗiyata. Shi ne ma ya fi damuna, bara garma biyu ya karya mini."

"Gonar wa ce can?"

"Ta marigayi Nomau ce, Allah ya jiƙansa. Matarsa Tsahara ke nomanta. Iyakar na can, ga sabarar can." Ya nuna da sandarsa wani ɗan kurmi mai nisa a cikin gonar.

"To sai ta faɗa da bakinta. Dokar Kawu ce."

Ya yi dariya har da riƙe hula. "Tsahara? Takaba take yi, wata biyu ke nan. Ki zaunar da inji wata biyu da kwana goma, ruwa ya sauka, ni kuma in shuka mi? Fenti?"

Malam Idi ya ɗaga murya ta cikin ƙarar inji: "Ramatu, man gazuwal ke ƙonewa fa, ba ruwan rijiya ba!"

Daga inda nake tsaye ina hangen gidan Tsahara, a bakin gari, tafiyar da ba ta kai a gaji ba. Mai takaba ba ta zuwa gona, haka ne. Amma ba a hana mace ta shiga ta gaishe ta ba, kuma a cikinmu ni kaɗai ce mace. Na duba yatsuna, duk jan fenti ne. Na ji kunyar in yi sallama gidan makoki da hannu haka, in ce da matar da ban sani ba, mijinki ya rasu, amma ga tambaya kan kututture. Na sake duban kiryar. Ba tofo ko ɗaya. A raina na ce tana kama da tsohon da ya gaji da zama, yana jiran a sallame shi. Na ji daɗin wannan magana tawa, har na yi niyyar rubuta ta in na koma gida. Sannan na shafa ja.

Kiryar ta fi awa ɗaya tana gardama da inji. Garinta ja ne kamar jan ƙasa, yana tashi yana sauka a kan mayafina. Wasu mata uku ɗauke da itacen girki suka tsaya a kan hanya suna kallo. Na gaishe su da hannu, babu wadda ta amsa. Da aka gama Malam Idi ya tura rairayi ya rufe ramin ya daidaita, kamar yadda muke yi a ko'ina, don kar shanu su karye ƙafa.

Damina ta sauka. Na manta da Alhaji Garba.

Gero ya kai ƙugu lokacin da wata mata ta yi sallama a biro, da goyo a baya. Ta ce sunanta Abu, ɗiyar Inna Tsahara ce, tana aure a Mayahi. Uwarta ta fita takaba, ta je gona, ta tarar gyaɗar Alhaji ta shiga har sabara. Wurin da ya cinye shi ne gamanarta, wato yankin da mijinta ya yanka mata nata na kanta tun tana amarya. Kwari ne, yana riƙe ruwa. Nan take shuka kuɓewa da yakuwa da ɗan geron da ke nuna da wuri, wanda ke riƙe gida kafin babbar gona ta kawo. Kututturen kirya shi ne iyaka tun zamanin kakan Nomau.

Ta ce, "Ba faɗa ya kawo ni ba. An ce ke kika shafa masa ja. Mai gari ya sa ranar Alhamis. Ki zo ki nuna inda yake, shi ke nan."

Bayan ta tafi Kawu ya daɗe yana juya makullan mota a hannu.

"Kin tambayi maƙwabci?"

Na ce, "Ban tambaya ba."

"Mu aiki aka kira mu. Wanda ya nuna, shi ke da alhaki." Ya faɗa yana kallon bango, ba ni ba. Can ya ce, "Ban aike ki ba, ban kuma hana ki ba."

Na roƙi Malam Idi ya raka ni. Ya ce, "Ni haƙoran inji nake kallo, ba ƙasa ba. In aka ce in dafa Alƙur'ani fa? Ki bar ni da ƴaƴana."

Na hau kabu-kabu ni kaɗai.

A gonar aka yi zaman, da hantsi. Mai gari da liman da dattijai huɗu, Alhaji Garba da sandarsa, sai Inna Tsahara a gefe, ƴar ƙaramar mace, ta lulluɓe kai da zane. Na durƙusa na gaishe ta, na yi mata gaisuwar rasuwar da ya kamata in yi tun wata uku baya. Ta dube ni ta ce, "Ke ce ɗiyar? Kin sha rana. Abu, ba ta ruwa."

Mai gari ya ce masu gona su yi shiru, shaidu su yi magana. Dattijo ɗaya ya nuna wuri, ɗaya ya nuna wani, tsakaninsu kunya goma sha. Kowa ya san kiryar, kowa ya taɓa hutawa a kanta, amma da aka zo maganar rantsuwa duk suka ja baya. Ba wanda ke son ya kai ƙasar wani kabari a wuya.

Sai mai gari ya juyo gare ni. "Ke mai takarda, ke kika gan shi ƙarshe. Mi kika rubuta?"

Na buɗe kaye, littafin da nake rubuta aiki. Abin da ke ciki: kirya, ɗaya, matacciya. Ba taku, ba gabas, ba yamma.

"To nuna mana da ƙafa."

Na shiga gonar. Ba ita ce wadda na sani ba. Wancan lokaci fari ce fat, yanzu kore ce shar, kunyoyin gyaɗa sun jeru kamar tufkar tabarma, kowace irin ƴar uwarta. Kututturan da zan iya auna wurin da su, ni da kaina na sa aka share su. Na tuna akwai wani gawo da inuwarsa ke kusan taɓa kiryar. Na ɗaga kai, ga gawon nan, amma gawo da damina ba ya da ganye, tsirara yake, ba inuwar da zan bi. Na yi gaba, na dawo, na yi gefe. Idon maza duka na kaina. Daga ƙarshe na tsaya inda zuciyata ta ɗan kwanta.

"Nan ne."

"Kin tabbata?"

"Na tabbata."

Alhaji ya buga sanda ƙasa, ya ce an cuce shi, an cinye masa gyaɗar da ya riga ya shuka, yarinyar birni ba ta san gabas ba. Liman ya ba shi haƙuri, sai ya haƙura nan take. Mai gari ya dubi tsohuwar.

"Tsahara, kin yarda?"

Ta dubi inda nake tsaye. Sannan ta ce, "Na yarda. Allah ya yi wa ɗiyar albarka."

Aka kafa reshen aguwa a inda na tsaya, aka yi fatiha, aka watse. Na koma Tasawa jikina sakayau. Na ɗauka na ɓata, na kuma gyara.

Tun daga ranar na sake salon aiki. Ba kututturen gefe da nake shafa wa ja sai na rubuta takunsa daga abubuwa biyu da ba sa tashi, rijiya ko babban icce ko hanya. In maƙwabci na takaba, ko jego, ko yana kwance ba lafiya, ni nake wanke hannu in shiga da sallama in tambaya. In mai gona ya ce yana sauri, sai in ƙara jinkiri, domin na lura wanda ke da gaskiya a iyakarsa bai cika damuwa da a kira maƙwabci ba. Mun rasa ayyuka a kan haka, Kawu ya yi gunaguni, daga baya ya bari. Ku da kuka shigo yanzu, kuna ganin haɗarin aikin nan haƙoran inji ne. Haƙora yatsa suke yankewa, mai yatsan ya san ranar da ya rasa shi. Gwangwanin fenti ya fi su. Injin ba ya sanin gonar kowa, abin da kuka nuna masa kawai yake ci, kuma abin da ya ci ba a dasa shi.

Shekara huɗu bayan haka na je suna Mayahi, na haɗu da Abu a tsakar gidan, tana raba fura. Ita ta gane ni. Ta ce Inna ta rasu bara, bayan kaka. Na yi mata gaisuwa, na ce ko ba komai na gode Allah da ya sa gamanarta ta dawo hannunta kafin ta tafi.

Abu ta ajiye ludayi. Ta ja ni gefe, bayan rumbu.

"Ramatu, inda kika nuna ba nan ba ne. Kiryar na can baya, wajen Alhaji, kunya ashirin ko fiye. Kwarin duka a hannunsa ya zauna. Tudun kawai aka mayar mana, inda kuɓewa ba ta yi."

Na ce, "Inna ta sani?"

"Shekara talatin tana ajiye tulunta a gindinta. Ko da ido rufe za ta kai ki."

"To don me ta ce ta yarda?"

"Ni ma na tambaye ta a hanya, ina kuka. Ta ce duk garin nan da suka zauna kan kiryar, ba wanda ya buɗe baki ya ce na tabbata sai ke, baƙuwa, da kika taso daga Tasawa cikin rana. Ta ce ba za ta ƙaryata ki gaban maza ba."