Layar Gwaggo da Fadamar Taloka

Shekarar da malaman En'e suka zo auna gonaki da igiya a Taloka, saura kaɗan in rasa fadamar albasata, saura kaɗan kuma in kashe jakina da tafiya. Maƙwabcina na gabas, wani dogo mai gemu kamar tsintsiya, ya tsaya gaban masu awo ya ce fadamar ta kakan babansa ce, aro aka ba mu. Aro! Fadamar da ke ciyar da gidana kaf, mai albasar da sai mutum biyu sun kama guda ɗaya!

Muka je gaban alƙali a Goronyo. Ya ce tsofaffin da suka san iyaka duk sun riga mu gidan gaskiya, don haka in kawo takarda kafin Juma'a biyu, in ba haka ba fadama ta koma gabas.

Takarda kam akwai ta. Kowa a danginmu ya san da ita, ba wanda ya taɓa ganinta. An ce a Wurno aka rubuta wa kakan babanmu, tun Turawa ba su zo ba. Na ɗaura wa jaki akumari, sai Wurno. Baffana na can ya zazzage gafaka uku, ba mu samu komai ba sai kyankyasai, sannan ya tuna takardar ta bi ƙanwarsa ɗakin miji a Rabah. A Rabah aka ce ai tun rasuwar mijin ta koma Maikujera. Duk tsohon da na tambaya kuwa sai ya ƙara mini kaka ɗaya. Kafin in bar garin ina da kakannin da za su cika kasuwa har a rasa wurin ɗaure awaki.

A Maikujera na iske gwaggon tana sheƙar gero.

"Gwaggo, ina takardar hwadama?"

"Takardar mi, ɗan nema? Ni laya ɗai baba yab ba ni, ga ta ga ƙuguna. Tun ina amarya bayana bai taɓa ciwo ba."

Sai dariya ta kama ni har na zauna cikin ƙaiƙayi. Mu dai a wajenmu, duk takardar da ke da rubutun Larabci ba a barinta a fili, baduku ake kai wa ya ɗinke ta cikin fata. Ashe shaidar fadamarmu ce ke ta aikin maganin baya shekara da shekaru.

"A buɗe laya?" in ji ta. "Lalle ka haukace. In anka buɗe, maganin hita shikai!"

Na roƙa, na durƙusa, na yi birgima har kaji suka watse. Daga ƙarshe ta yarda, amma ta ce laya ba ta rabuwa da jikinta. Ita ta hau jaki, ni na bi a ƙasa har Goronyo, tana tsayar da mu a kowace rijiya don ta gaisa da mutanen da ba ta sani ba. Ranar Alhamis ta ƙarshe muka isa, ƙafafuna sun kumbura kamar turmi.

Baduku ya farke ɗinki, gwaggo ta rufe ido tana salati. Magatakardan alƙali ya warware takardar a hankali ya karanta: daga tsamiya har bakin gulbi, an ba 'yan'uwa biyu, wa da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya faɗi sunan wan, kakan babana ne. Ya faɗi na ƙanen, sai mai gemu ya zabura.

"Wanga ai kakan babana na!"

Wato tawa da tasa duk fadama ɗaya ce. Alƙali ya ce kowa ya tsaya inda yake noma. Na dubi mai gemu na ce, "To, ɗan ƙane, gaishe da yayanka." Ya gaishe ni kuwa, kamar mai haɗiyar maɗaci.

"Ku gama zumuncinku," in ji gwaggo, "a ɗinke min abuna, bayana ya hwara!"

Aka kwafe rubutun, aka mayar mata da layarta. Fadama tana hannuna har yau. Sai dai mai gemu ya gano daɗin 'yan'uwantaka: duk lokacin cirar albasa yana bakin fadamata da kwando, yana "Yaya, sannu da aiki."