Mangwaron da Inna Ta Ƙi Bari da Yunwa

Shekarun baya, tun zamanin Turawa, ina sabon malamin gona a Gashuwa, jirgin ƙasa ya sauke mana dashen mangwaro a Nguru. Baturen gona yana son gwaji: wasu a sa musu taki, wasu a bar su haka nan, a ga bambanci. Ya ce in aikin ya yi kyau zai tabbatar da ni, in ya lalace in kama hanyar gida.

Sai gardamar girman fili ta tashi. Abokina, wanda ya riga ni shiga aikin, ya ce a yanka manyan filaye nesa da juna. Ni kuwa da rawar kan sabon shiga na ce ina! Wa zai iya ban ruwan wannan uban fili da rani? A yanka ƙanana dab da juna, rijiya ɗaya ta ishe su. Har na ba da fadamar mahaifiyata a Katuzu. Bature ya yaba, kaina ya kumbura.

Da kaka na je awo, na tarar dashen duk sun yi shar, tsawo ɗaya. Na nufi wurin mahaifiyata.

Na ce, "Inna, na gefen rijiya fa? Ai su ba a sa musu taki."

Ta ce, "Ni na zuba musu kashin awakina. Kai yaron nan, kana da imani kuwa? Baƙi su sauka gonata, ka ciyar da wasu, wasu na kallo? Ba da ni ba."

"Inna, gwaji ne!"

"To je ka gwada a gonar da ba ta da mai ita."

Na je na faɗa wa Bature, na riga na sallama aikin. Mutumin nan ya yi dariya har da cire hula yana fifita. Ya ce ai gwajin ya koya mana abu: kada fili ya yi ƙanƙantar da tsohuwa za ta ga mai ƙoshi da mai yunwa a kallo ɗaya. Ranar ya tabbatar da ni. Abokina kuwa ya samu abin tsokana har tsufanmu.

Har na bar aiki, ban ƙara yanka fili ba sai na tambayi gonar wace ce. Yau in na tuna dariya nake yi, wani lokacin da ƙwalla. A wurin Inna na san akwai mutanen da ba za su iya kallon yunwa ba, ko da ta itace ce. Allah Ya jiƙan ta.