Kulorokwin a kunun Kawu

Jama'a, ku zo ku ji abin da Goggo Larai ta yi wa mijinta!

Kun san mahaukacin kare ya ciji Kawu Sale a gonar albasarsa ta Watari. Yau na ɗauke su a babur, shi da Goggo, zuwa asibiti a Ɗambatta don a ci gaba da yi masa allurar cizon kare. Nas ta tambaye shi ko yana shan wani magani. Ya ce ko ɗaya.

Sai Goggo ta gyara mayafi, har da murmushinta! Ta ce, "Yana sha mana. Tun ranar cizon jikinsa ke zafi, shi kuma ba ya haɗiyar ƙwaya. Kulorokwin nake daka masa a kunun tsamiya."

Nas ta ajiye sirinji! Ta ce wannan maganin zazzaɓin yana iya rage ƙarfin allurar, musamman irin tasa da ake yi a fata. Sai ya ga likita, wataƙila ma a sake daga farko.

Kawu ya ce, "Ashe shi ya sa kunun ke ɗaci!" Ya nuna Goggo a gaban mutane: "Karen sau ɗaya ya cije ni, ke kuwa kullum da safe!"

Ta fashe da kuka, wai tausayinsa ta ji. Ko kallonta bai yi ba.

Da muka fito ya ce in ja babur, ta tako da ƙafa. Wallahi har muka sha kwana tana biye da mu, riƙe da fulas ɗin kununsa, tana kiransa, wai bai karya kumallo ba.