Gonar Gawo da Digirina

Ranar da Baba ya ba ni gonar gawo ba a yi wani taro ba. Muna dawowa daga sallar Juma'a a Sandamu, ni da shi da Yaya, sai ya tsaya a bakin hanya ya nuna ta da sandarsa.

"Waccan taka ce," in ji shi. "Boko yana iya ba ka abinci, yana iya yi maka rowa. In ya yi maka rowa, ka dawo nan."

Lokacin ina shirin tafiya jami'a, ni ne na farko a gidanmu. Gonar kuwa duk ƙauyenmu an san ta. Gawon da ke cikinta da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa gero rana. Da rani kuma shanu a ƙarƙashinsa suke wuni, su ci 'ya'yansa su bar taki. Ko shekarar da ruwa ya yi gardama, ita ba ta ba Baba kunya.

Da muka isa gida Baba ya ce a kira liman da mai unguwa su shaida, a kafa iyaka. Yaya ya yi dariya.

"Haba Baba! Tsakanina da ƙanena har sai an kira shaida? Sai ka ce baƙi. Ni zan kula masa da ita."

Wallahi a ranar ji na yi babu wanda ya kai ni sa'ar ɗan'uwa. Uwa ɗaya uba ɗaya muke. Shi ya riƙa goya ni a keke zuwa firamare. Bai yi boko ba, karatun zaure ya yi a gaban malamai, ya yi nisa a littattafan fiƙihu, kuma duk noman gandun gidanmu a wuyansa yake. In mutum bai yarda da irin wannan ba, da wa zai yarda?

Tattalin arziki na karanta. Don in karanta shi, shanun huɗar Baba suka bi hanyar kasuwa ɗaya bayan ɗaya. Na san hauhawar farashi, na san hannun jari, ina iya zana maka yadda kuɗin ƙasa ke faɗuwa har ka tafa mini. In na dawo hutu, a majalisa kowa shiru yake yi ya saurare ni, ni kuwa in ta zuba kamar rediyo.

Hutun da ya faɗo a farkon damina, na ɗauki sungumi da ƙwaryar iri na nufi gonata. Ban kai bakin gawon farko ba Yaya ya cim mini, yana haki, yana murmushi.

"Ina za ka, ɗan boko? Kawo nan. Wannan hannun na biro ne, kada ka sa masa kanta. Je ka huta, ni zan shuka."

Ya zare sungumin daga hannuna a hankali. Na koma gida ina jin daɗi, har na ba Inna labari, ta sa masa albarka. Haka aka yi ta yi. Duk sanda na kai hannu ga fartanya, Yaya yana nan kusa, da dariyarsa da hannun bironsa.

Da na tafi bautar ƙasa, na matse cikina, na riƙa sayen takin zamani daga alawus ina aika masa. A raina zuba jari nake yi. Har abokaina nake yi wa wa'azi, su da ke ƙarar da nasu a waya da takalma, ina ce musu mai hankali a ƙasa yake binne kuɗinsa.

Daga nan boko ya fara rowar da Baba ya faɗa. Na yawata da takarduna Katsina, na je Kano, na je Abuja, har gefen ambulan ya yi baƙi. Ƙarshe na samu koyarwa a wata makarantar kuɗi a cikin Daura, can wajen Kusugu, da albashin da ba ya ganin tsakiyar wata. Na yi aure, na kama hayar ɗaki. Amma ban taɓa jin na faɗi ba, domin ina da wurin komawa. Na yanke shawara damina mai zuwa da kaina zan noma gonata. A ranin nan Allah ya yi wa Baba rasuwa.

Bayan sadakar arba'in aka zauna rabon gado a zaurenmu. Ga malamin da zai raba, ga Kawu ƙanen Baba, ga ni ga Yaya. Inna da ƙannenmu mata suna daga ciki, bayan ƙofa. Da aka zo lissafa gonaki na ce a cire gonar gawo, Baba ya ba ni ita tun yana da rai.

Malam ya dubi Yaya. "Haka ne?"

"Haka ne, Allah gafarta malam. A gabana ya faɗa, ba zan yi wa mamaci ƙarya ba." Ya gyara zama. "Sai dai babu hauzi."

Ni da digirina, ranar na fara jin kalmar. Malam ya yi mini bayani cikin natsuwa: kyauta ba ta tabbata da baki kawai, sai wanda aka ba ya karɓa, abin ya shiga hannunsa tun mai bayarwa yana raye. In ba haka ba, ta koma cikin gado. Ya tambaye ni ko na taɓa noma ta. Ko na ba wani aronta. Ko na taɓa ɗaukar amfaninta na kai nawa rumbun.

Na ce ai Yaya ke noma mini.

"Gandu nake nomawa," in ji Yaya. "Geronta rumbun Baba yake shiga, kowa ya sani. Ko rami ɗaya bai taɓa shukawa ba."

"Takin da nake aikowa fa?"

"Taimakon gida ne. Allah ya saka maka da alheri."

Ban ji haushin malam ba, ban ji haushin shari'a ba, gaskiyarta ta faɗa. Abin da ya ƙona mini rai shi ne yadda kalmar ta fito daga bakin Yaya sumul, ba tuntuɓe, kamar wadda aka daɗe ana gogewa. A zaune a wurin na ga komai ya dawo mini: dariyar da ya yi da Baba ya ce a kira shaidu, hakin da yake yi ranar da ya biyo ni gona, sungumin da ya zare daga hannuna. Ashe ba kantar hannu yake tsare mini ba. Ya sani tun ranar Juma'ar nan, ya kuma yi shekaru yana gadin jahilcina da fara'a.

Gonar ta shiga gado. Da aka zo wa zai ɗauki wacce, Kawu ya yi gyaran murya.

"Wanda ya saba da ita a bar masa. Kai ai an riga an yi maka gona a ka. Shanun gidan nan duk jami'a suka tafi. Mai digiri me zai yi da fartanya?"

Kowa ya gyaɗa kai. Na buɗe baki zan yi magana, sai na ji tarin Inna a bayan ƙofa, irin tarin da na sani tun ina yaro, mai nufin kada a ji kanku. Na haɗiye. An ce kunyar mara kunya asara ce, to ni na yi asarar da idona biyu. Rabona ya faɗa kan wani faƙo a hanyar Dutsi, inda ruwa ke gudu ya bar ƙasa kamar daɓe. Na gwada shi damina guda, ko irin da na zuba bai dawo ba.

Ba na zagin digirina, shi ke ba ni ɗan abin da nake ci. Amma har yau in na tsaya gaban allo ina koya wa yara riba da faɗuwa, sai in ji wani ɗaci ya taso mini. An koya mini dukiyar ƙasashe, ba wanda ya taɓa gaya mini yadda mutum ke riƙe tasa a cikin gidan ubansa. Kuma digirin nan da aka ce zai ɗaga ni, shi aka ɗauko aka rufe mini baki da shi a zaure.

Da kakar bara, wata ranar Asabar, na ji ƙarar babur a ƙofar gida. Yaya ne, da dammunan gero ɗaure a baya. Tun kafin ya kashe babur na gane su. Zangarniya doguwa, cike har baki, babu gonar da ke ba da irinta a ƙauyenmu sai guda ɗaya.

Muka gaisa, ya tambayi iyali, fuskarsa wasai.

"Zakkar bana ce na fitar," in ji shi. "Malamai sun ce a fara da mabuƙaci na kusa."

Na so in ce ya juya da kayansa, na so in faɗa masa maganar da unguwa za ta taru. Sai na ga matata tsaye a bakin labule. Da safen nan ta gaya mini garin tuwo ya ƙare, albashi kuma an ce sai wani makon. Kallon dammunan kawai take yi.

Yaya ya fara kwance igiya. Na matsa zan kama, sai ya tare ni da kafaɗa, yana dariyar nan tasa.

"Bari, bari, ni zan shigar maka. Hannun biro."

Na riƙe damin gam, ban saki ba.

"A'a, Yaya," na ce. "Wannan kam da hannuna zan karɓa."

Dariyar ta tsaya. Ya sake mini, ya kau da kai yana naɗe igiyarsa. Na saɓa damin a kafaɗa na shiga da shi, ƙaiƙayi yana zubo mini a wuya. Shi ne abu na farko daga gonar gawo da ya taɓa shiga hannuna.